Mun ga alƙaluma, ba mu ga taimako ba: wace lamba za mu duba a tallar Google?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar mata a unguwar Yelwa, nan Garwa. Muna koya wa marayu da zawarawa ɗinki, muna kuma biya wa wasu yara kuɗin makaranta. 'Yan'uwanmu mazauna Faransa suna da ƙungiya mai rajista a can, su suka samo mana tallar Google ta kyauta, suka ba ni mabuɗin asusun. A watan jiya allo ya nuna tallarmu ta bayyana sau 8,400, an danna ta sau 310, CTR 3.7%, an kashe dala 420 cikin 10,000, gurbin da aka rubuta conversions kuma sifiri. Hajiya shugaba ta ce asara muke yi tunda ba mu cinye kuɗin ba. Ma'aji ta ce ita ko sisi ba ta gani ba. Wace lamba ce ta gaskiya, kuma me zan faɗa wa kwamiti?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka muku da alheri a kan wannan aiki. Tambayoyi uku kika ƙulle a ɗaure ɗaya: ko rashin cinye kuɗin asara ne, ko CTR 3.7% ɗin nan, wato kason dannawa, abin tayar da hankali ne, da kuma yadda aka yi aka shigo shafinku sau 310 amma ma'aji ba ta ga komai ba. Na daɗe ina riƙe wa ƙananan ƙungiyoyi irin wannan asusu daga nan Marwa, kuma kusan duk wanda ya zo mini da takardar sakamako, babbar lamba yake fara ɗora wa yatsa. Ni ƙaramar nake fara nema. A takardarki sifirin nan ya fi kowace lamba nauyi, amma bari mu fara da maganar Hajiya shugaba, domin ita ce mafi sauƙin warwarewa.

Kuɗin da ba ya shiga jaka

Shirin da 'yan'uwanku suka shigar da ku shi ne Google Ad Grants, wanda kamfanin ya fara a 2003. Yana bai wa ƙungiyar da ta cancanta damar yin talla ta dala 10,000 a wata, wato kimanin dala 329 a rana. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai sefa biyar ba. Sai dai wannan ba kuɗi ba ne da ake turo muku. Izini ne na fitowa a shafin sakamakon bincike, da tallar rubutu, kuma a ƙasan tallar waɗanda suka biya da aljihunsu. Abin da ba ku yi amfani da shi ba a wannan wata ba ya taruwa zuwa wata mai zuwa, ba kuma wanda zai ce ku biya shi.

Abin da ya kamata Hajiya ta gane shi ne bambancin wannan talla da ta rediyo. Sanarwar rediyo tana shiga kunnen mai so da marar so. Tallar bincike kuwa tana zaune ne shiru sai wani ya ɗauki waya ya rubuta kalmar da kuka tanada. In ba a nema ba, ba ta fitowa, in ba ta fito ba, ba a dannawa, kuma dannawa kawai ake cirewa kuɗi. To a Garwa mutum nawa ne ke shiga Google neman wurin koyon ɗinki? Yawanci maƙwabciya ake tambaya, ko a jefa tambayar a zauren WhatsApp na dangi, ko a ji a wurin biki. Wanda aka ba izinin ɗibar ganga ɗari a Binuwai kullum, alhali lambunsa ganga biyar yake sha, bai yi asarar casa'in da biyar ba. In ya dage sai ya kwashe duka, shukar ce za ta ruɓe. Haka na ga ƙungiyoyi suna yi: don su ga lambar kuɗi ta hau, sai su zuba kalmomi barkatai, su jawo taron da ba nasu ba, ƙarshenta su jefa asusun cikin haɗari.

In kika raba 420 da 310 za ki samu kusan dala 1.35, shi ne kuɗin dannawa ɗaya. Ga mai talla da kuɗinsa wannan lamba ce ta kullum. Gare ku amfaninta ɗaya: in da hannu ake sa farashi a asusun kyauta, ba a wuce dala 2 a kan kowace dannawa, don haka kalmomi masu tsada, irin waɗanda manyan ƙungiyoyin agaji ke takara a kansu a Faransa, sun fi ƙarfinku. Ana cire wannan iyaka in aka bar wa na'urar Google ta riƙa sa farashi da kanta don neman mafi yawan biyan buƙata, wato conversions ɗin nan, mutanen da suka aikata abin da aka yi tallar dominsa. Amma na'urar da sifiri take gani kullum ba ta da abin koyo. Kin ga maganar ta sake komawa kan sifirin.

Kashi biyar cikin ɗari

Wannan kam akwai abin kula. CTR kason dannawa ne: cikin kowace bayyana ɗari, sau nawa aka danna. Tun daga Janairun 2018 Google ya sa ƙa'ida cewa asusun kyauta ya riƙa samun aƙalla 5% a kowane wata, a jimillar asusun gaba ɗaya, kuma in aka gaza wata biyu a jere ana iya dakatar da shi. Ku kuna kan 3.7%. Saboda haka wannan watan da muke ciki ba na sakaci ba ne.

Lissafin yana da hanya biyu. Da bayyana 8,400, kuna buƙatar dannawa 420 kafin ku kai kashi biyar. Ko kuma ku tsaya a kan 310 ɗinku, bayyana ta sauko zuwa 6,200. Mutane sun fi tunanin hanya ta farko, su yi ta sauya rubutun talla. Ta biyun ta fi sauri, kuma ta fi gaskiya. Ki shiga jerin kalmominku ki jera su daga mai yawan bayyana zuwa ƙasa. Kusan kullum akan tarar da kalma ɗaya ko biyu da ke shan bayyana da yawa ba tare da kowa ya danna ba. A ce akwai wadda ta bayyana sau 3,000 aka danna sau 30 kacal. Kina dakatar da ita, saura dannawa 280 cikin 5,400, kin haura kashi biyar ke nan, ba ki rubuta ko harafi ɗaya sabo ba.

Daga nan ki buɗe rahoton da Faransanci ake kira termes de recherche. Wannan ne wurin da na fi daɗewa a kowane asusu, domin shi ke nuna ainihin abin da mutane suka rubuta, ba abin da kuka yi zaton za su rubuta ba. Wata ƙungiya da na taimaka wa a nan Marwa, mai irin aikinku, ta sa kalmar koyon ɗinki a buɗe, yadda tallar ke fitowa ga duk binciken da ya yi kama da ita. Da muka zauna da sakatarensu muka bi rahoton layi-layi, sai ga masu neman hoton sabon yayin ɗinkin atamfa, ga masu neman farashin keken ɗinki, ga masu neman tela kusa da su saboda Sallah ta matso. Dukansu mutanen kirki ne, amma ba ɗaya da ya fito neman marainiyar da zai biya wa kuɗin koyo. Muka ɗauki biro muka rubuta kalmomin hani: hoto, yayi, farashi, saye, da makamantansu, da Faransanci yadda ake rubuta su. Duk binciken da ya ƙunshi ɗaya daga ciki, tallarsu ba ta ƙara fitowa. Ki sani dai rahoton ba ya nuna komai. Tun 2020 Google ya daina nuna binciken da mutane ƙalilan ne suka yi shi, kuma a wuri irin namu da masu binciken ba su da yawa, abin da ake ɓoyewa kan yi yawa.

Akwai sauran ƙa'idojin shirin da suka shafi wannan. Ba a yarda da kalma tilo ba, irin kalmar Faransanci "don" (gudummawa) ko "orphelin" (maraya) ita kaɗai, sai in sunan ƙungiyarku ne ko wasu 'yan keɓantattu. Dole kuma a fayyace yankin da talla za ta fito. A nan ki duba da kyau, domin zaɓin da asusu ke zuwa da shi yana haɗa mutanen da ke cikin yankin da waɗanda suka nuna sha'awarsa daga nesa. In 'yan mata masu koyo kuke nema, ki mayar da shi kan waɗanda ke cikin yankin kawai.

Amma ina roƙonki kada kashi biyar ya zama abin da kuke yi wa aiki. Ƙofa ce da ake bi a zauna cikin shirin, shi ke nan. Ana iya kai kason dannawa sama ƙwarai da rubutu mai ruɗi, a rubuta "kyauta" da alkawarin da ba za a cika ba. Za a danna, a shigo, a fita da jin haushi. Taron tsintsiya ba shara.

Sifirin nan

Abin da allo ke kira conversion ni biyan buƙata nake ce masa: mutum ya shigo ya aikata abin da kuka yi tallar dominsa. Ya ba da gudummawa, ko ya cike takardar rajistar ɗaliba, ko ya kira ku. Google ba ya sanin buƙatarku sai kun gaya masa, ta hanyar dasa wata 'yar alama a shafin da ke kai masa labari duk lokacin da abin ya faru. Sifiri na iya nufin abu uku, kuma maganinsu ya sha bamban, don haka kada a fara magani kafin a san ciwon.

Na farko, ba a dasa alamar ba sam, ko an dasa ta karkace. Wannan shi na fi tarar da shi. Ki shiga sashen biyan buƙata na asusun ki duba matsayin kowace alama, sannan ki sa wanda ya gina muku shafin ya cike takardar da kansa yana kallon ko labarin ya isa. In shafin tsoho ne, ki tambaye shi ko yana kan Google Analytics 4, sabon tsarin Google na ƙirga masu shigowa shafi, domin tsohon tsarin ya daina karɓar bayanai tun 1 ga Yulin 2023, kuma har yanzu ina cin karo da shafukan da ke rataye da shi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, saboda shirin yana buƙatar asusun da aka buɗe daga 2019 ya kasance da ma'aunin biyan buƙata mai aiki.

Na biyu shi ne namu na gida, kuma a nan nake so in daɗe. An gina waɗannan ma'aunai ne da tunanin mutumin da zai shigo shafi, ya zaro katin banki, ya biya, a nuna masa shafin godiya. Mutumin Garwa ko Ngaundere ko Kuseri ba haka yake ba da sadaka ba. Zai ga lambar waya a shafinku, ya rufe shafin, ya kwana biyu, ya tambayi wani ko ya san ku, sannan ya kira. In ya gamsu sai ya tura ta Orange Money ko MTN Mobile Money, ko ma ya aiko yaro da buhun shinkafa. Ɗan'uwanmu da ke Briketeri a Yawunde zai iya cewa a bari sai ya zo gida da Sallah ya gani da idonsa. Duk wannan alheri ne da talla ta jawo, kuma allo zai ci gaba da rubuta sifiri.

Abin da nake yi a nan kashi biyu ne. A shafin, lambar waya da ta WhatsApp su zama maɓallin da ake dannawa, a dasa alama a kansu, yadda duk wanda ya danna za a ƙirga shi. Ba gudummawa ba ce, amma niyya ce da ta fito fili. A ofis kuma, littafi. Littafin makaranta mai layi ya isa. A ƙungiyar Marwan nan, yana ajiye ne a kan teburin da ke kusa da keken ɗinki na farko, an ɗaure masa biro da zaren atamfa don kada ya yi ƙafa. Duk wanda ya kira ko ya zo, bayan gaisuwa sai a tambaye shi: "A ina kika ji labarinmu, Hajiya?" A rubuta rana, da amsa, da abin da ya biyo baya. Ƙarshen wata sai mu ajiye littafin kusa da kwamfuta mu gwada. Akwai watan da allo ya nuna an danna maɓallin WhatsApp sau da dama amma littafin bai nuna komai ba. Da muka bincika, wayar ƙungiyar tana hannun wata da ta tafi ƙauye jinyar mahaifiyarta, saƙonni suna nan jibge ba a buɗe ba. Ba wata lamba a Google da za ta gaya miki wannan.

Masu ba da taimako daga Faransa su kam suna biya da kati, amma su ma ba duka ake gani ba. Dokar can ta wajabta a nemi izinin mai shigowa kafin a bi sawunsa, kuma wanda ya ƙi ba a ƙirga shi kai tsaye. Don haka adadin da ma'ajin 'yan'uwanku ya gani a banki shi ne na riƙewa.

Na uku, alama tana aiki, littafi ma shiru, ba wanda ya yi komai. To matsalar tana shafin da ake sauka. Ki ɗauki wayar da ba ta fi ta kowa ba, ki kashe wayifai, ki fita tsakar gida ki buɗe shafin da datar da kika saya. Ki ƙirga daƙiƙu. Sau da yawa abin da ke fara fitowa babban hoton taron ƙaddamarwa ne, sai jawabin shugaba, sai tarihin ƙungiya, lambar waya kuwa tana can ƙasa. Wanda ya rubuta yana son ɗaukar nauyin karatun maraya, a sauke shi a shafin da ke wannan maganar kawai: nawa ne kuɗin shekara, me da me ya ƙunsa, ta yaya zai san yarinyar ta shiga aji, wa zai kira.

Gargaɗi ɗaya, domin na san jarabar tana zuwa. Wani zai ba ku shawarar a sa duk wanda ya buɗe shafin farko a ƙirga shi a matsayin biyan buƙata, sifiri ya koma ɗaruruwa. Kada ku yarda. Ƙa'idar shirin ba ta amince da shi ba, sannan kun koya wa na'urar sa farashi ta riƙa kwaso muku 'yan leƙe. Mafi muni, kun yaudari kwamitinku da 'yan'uwan da suka amince muku.

Makin inganci

Za ki ga wata lamba daga 1 zuwa 10 a gefen kowace kalma. Abu uku ke haɗa ta: yadda ake sa ran za a danna, dacewar talla da abin da aka nema, da kyawun shafin sauka. Ƙa'idar shirin ita ce a dakatar da duk kalmar da ke kan 1 ko 2. Ki duba sau ɗaya a mako, ko ki sa doka ta atomatik ta yi miki. In kin ga ɗan layi a maimakon lamba, bayanai ne ba su taru ba. Ban da wannan, kada ki ɓata dare a kanta.

Abin da za ki kai wa kwamiti

Daga tambayarki na fahimci mutane iri biyu kuke kira da murya ɗaya: masu bayarwa da masu karɓa. A raba su gida biyu a cikin asusun. Kamfe ɗaya, wato rukunin talla ɗaya, na masu taimako, a Faransa da Yawunde da Duwala. Ɗaya na masu neman koyo, a Garwa da kewaye. In suna haɗe, kowace lamba da kika karanta gauraye ce, kamar a auna gero da gyaɗa a mudu ɗaya a tambayi farashi. Rubutun dai da Faransanci zai kasance, domin Hausa da Fillanci ba sa cikin harsunan da Google Ads ke ba da damar zaɓa. Wannan yana ci mini rai, saboda matar da ta fi buƙatar ajinku ita ce mafi nisa da wannan ƙofa. Ita kam rediyo da limamin unguwa da bakin tsofaffin ɗalibanku sun fi Google isa gare ta, kuma na fi son ku ɗora yawancin ƙarfin wannan asusu a kan masu bayarwa.

A takardar kwamiti, ki fara da littafi: mutum nawa suka tuntuɓe ku ta dalilin intanet, nawa suka ba da wani abu, nawa aka samu a sefa, 'yan mata nawa suka yi rajista. In kuɗin daga Faransa ne, lissafin ba wuya, yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Bayan haka sai dannawar maɓallin waya da WhatsApp. Sannan kason dannawa, da kalma ɗaya a gefensa: mun haye, ko ba mu haye ba. Kuɗin da aka kashe ya zo ƙarshe. In wata rana kuka fara talla da kuɗin aljihunku, lambar da za ta hau sama ita ce kuɗin biyan buƙata ɗaya, wato abin da aka kashe a raba da yawan waɗanda suka aikata. A nan ne ake gane ko an kashe sefa dubu goma don a samo dubu biyar.

Ki kuma yi hattara da kaso idan adadi ƙanana ne. Biyan buƙata biyu a wannan wata, huɗu a wata mai zuwa, allo zai ce an samu ƙarin kashi ɗari. Mutum biyu ne kawai suka ƙaru, wataƙila ma wa da ƙani ne. Ki riƙa haɗa wata uku kafin ki yanke hukunci. Kuma kada ki gwada watan azumi, lokacin da hannu ke buɗewa ana neman inda za a kai zakka, da watan da ya biyo bayan Sallah. Azumi da azumin bara ake gwadawa, Satumbar komawa makaranta da Satumbar bara. Ko mai taimakon da ya danna yau yana iya bayarwa bayan mako biyu, kuma Google zai rubuta shi ne a ranar da ya danna, muddin bai wuce kwana 30 da aka saba sawa ba, don haka lambar watan jiya tana iya ƙaruwa bayan kin buga takarda.

Ban ga cikin asusunku ba, Malama, da lambobi biyar ɗin da kika aiko kawai na yi aiki, shi ya sa ban ce miki ga wanne cikin dalilai ukun ne ya haifar da sifirin ba. Ƙa'idojin shirin ma Google yakan taɓa su, don haka ku da 'yan'uwanku na Faransa, da yake sunan ƙungiyarsu ne a kai, ku riƙa karanta saƙonnin da ake turowa akwatin imel ɗin asusun. A wannan makon ki dakatar da kalmomin da ke shan bayyana a banza, ki kira wanda ya gina shafin ku gwada alamar tare, ki sayi littafi. Ki kuma tambayi ma'aji a hannun wa wayar ƙungiya take kwana.